Gashin da Na Tono Daga Katangar Jarwal

Shekaranjiya jikata ta shigo gaishe ni. Da ta yaye mayafi sai na ga gashin nan nata da yake sauka har tsakiyar baya ya koma iya wuya. Wai wurin masu gyaran kai ta je, can wajen unguwar Zahir, aka rage mata. Na ce da ita, "To ina gashin?" Ta ce, "Wane gashi, ya sitti?" Haka suke ce wa kaka a nan. Na ce wanda aka yanke mana. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba ni amsa da Hausar nan tata mai ɗingishi, "Sun share, sun zuba a zibala," wato juji. Ita ta fice abinta tana latsa waya, ni kuwa na wuni gabana yana faɗuwa. Na san babu abin da zai same ta. Na san duk 'yan matan garin nan haka suke yi, kuma ban ji wadda ta haukace ba. Amma da tsoron nan aka raine ni, tsufa kuwa bai cire mini shi ba, sai ma ya tono mini wani abu da na daɗe ina dannewa.

Unguwar Jarwal ɗin da na tashi a ciki, nan kusa da masallacin Harami, ba wannan ba ce da otal-otal suka jeru suna tare wa mutum rana. Tamu ta gwangwanin kananzir ce. Akan fasa gwangwanin, a buge shi ya miƙe, a kafa a jikin itace, shi ne bango shi ne rufi. In rana ta take sai ka ji ɗakin yana ƙas-ƙas kamar mai taunar aya, wanda ya manta ya jingina bayansa kuwa ba sai an ce masa tashi ba. Kukan raƙuma ne yake tashin mu da safe, don a filin da ke gaban unguwarmu ayari yake sauka yake kuma tashi. Bayansa sai ƙarar gwangwanayen masu ɗebo ruwa suna gangarowa daga bazan, inda unguwa take samun ruwanta. Babana yana cikinsu, sanda a kafaɗa, gwangwani gaba gwangwani baya, har kafaɗar ta yi kanta. Daga nan sai lugude ya ɗauka. Inna da sauran matan gida su suke daka wa gidajen Larabawa alkama da kayan yaji, in sun haɗu su uku a turmi ɗaya har tafi suke yi kafin taɓarya ta sauko. Kiran salla daga Harami muryar mutum ce tsura, sai ka yi shiru iska ta kawo maka ita. Yanzu a ɗaki mai sanyi nake wuni, ba na jin komai sai gurnanin injin da ke hura sanyin.

Gidanmu tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna kewaye, duk mutanen da suka tako ƙasa da ƙafa daga yamma don aikin hajji, wasu ta Sudan wasu ta Wadai. Baba ne babba a cikinsu, don haka shi ake kawo wa magana. A bayan gidan akwai wata tsohuwar katangar duwatsu da ta jingina da dutse, ba laka ba siminti, an dai ɗora duwatsun ne wani kan wani. Kowace mace a gidan tana da raminta a jikin katangar nan, kuma ba wadda take leƙa na wata. Duk ranar tsifa, gashin da ya biyo matsefi sai an tattara shi sili-sili, a murza, a tura cikin ramin da tsinke. In Inna ta ga sili ɗaya yana yawo a tabarma, ranar ba ni da kunnen jin wani abu sai faɗanta. Takan ce, "Gashinki ke ce. In tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, ki yi ta ciwon kai. In mugu ya samu, sai yadda ya ga dama da ke." Ko ɗan gashin da mace take ragewa a Marwa bayan umra, Inna a bakin zane take ƙulle nata ta kawo gida. Tana wucewa ta gaban wanzaman wurin, ta ga gashin alhazai tuli a ƙasa ana takawa, sai ta girgiza kai ta ce Allah ya tsare bayinsa da ba su san komai ba.

A ɗakin ƙarshe, wanda ya fi kusa da katangar, akwai wata mata da muke kira Ta-Wadai. Bahaushiya ce ta Damagaram, amma ta daɗe a Wadai kan hanya har Hausarta ta ɗauko wata lanƙwasa. Mijinta ya rasu a Sawakin suna jiran jirgin ruwa, ta haye ita kaɗai, ba ɗa ba jika. Turaren wuta take haɗawa da man gashi, tana kai wa matan gari. Ɗakinta kullum hayaƙi kullum ƙamshi, ga ta ba ta da yawan magana, waɗannan biyun kuwa matan gidanmu ba sa yafe wa mace su. Ba wanda ya taɓa kama ta da laifi, amma in ta wuce akan bi ta da ido. Ni dai ta ja ni a jiki. Duk ranar da na yi tsifa, Inna tana can kan turmi, ita take zaunar da ni a bakin ƙofarta ta shafe mini kai da man nan nata layi-layi, washegari Inna ta kitsa. Inna ba ta so, amma man yana da kyau kuma kyauta ne, sai ta kau da kai.

Lokacin na zama budurwa, ina aikatau a wani dogon gida kusa da Harami, irin mai tagogin katako da aka yi wa sassaƙa. Uwar gidan tsohuwa ce 'yar asalin Turkawa, Sitti muke ce mata. Wata rana ina kakkaɓe mata akwati sai na ci karo da wata 'yar batta ta azurfa. Rawar kai ta sa na buɗe, na ga gashi a naɗe, jaja-jaja, an ɗaure da zaren siliki. Saura kaɗan in yar da ita, don ni a sanina gashi a cikin batta asiri ne kawai. Sitti ta gan ni, ta yi murmushi da bakinta mara haƙora, ta ce, "Nawa ne, ya binti, tun ina kamar ke." Ta ce a ƙasarsu in namiji zai yi doguwar tafiya, wadda take son sa takan yanko masa gashinta ya riƙe a aljihun ƙirji, in kewa ta dame shi ya buɗe ya duba. Mijinta ya yi shekaru yana yawo da wannan, har ya tsufa ya mutu ya bar mata. Na tambaye ta da Larabcina na madafa ko ba ta ji tsoron ya yi mata wani abu da shi ba. Ta ce, "Ai don ba na tsoronsa na ba shi." Maganar nan ta shiga raina ta zauna daram, na dawo gida da ita ban faɗa wa kowa ba.

Akwai wani baduku da yake ɗinkin salka a bakin filin ayari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ban saba ba. Ya riga ya aiko limamin unguwa wurin Baba a kan maganata, Baba ya ce to, amma sai ya dawo daga Madina a zauna. Wani ayari ne ya ɗauke shi don ya riƙa gyara musu salkuna a hanya. Motoci sun fara shigowa a lokacin, amma talaka har yanzu raƙumi ne, tafiyar kuwa da zama da dawowa takan ci kusan wata biyu, kuma ba duk wanda ya tafi yake dawowa ba. Mu ba mu san zance irin na gida ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce in na zo wucewa, shi idonsa a kan fata, ni nawa a kan ƙasa. Ba hoto, ba wasiƙa, ni ko alif ban iya jan sa da kyau ba. 'Yan matan yanzu saurayi yana Jidda suna ganin fuskarsa a tafin hannu har su gaji su kashe. Ni ba ni da abin da zan ba shi ya tuna da ni sai abin da Sitti ta koya mini.

Ana gobe za su tashi na ɗauko almakashin Sitti a ɓoye. Da hantsi, mata suna kan turmi, na zagaya bayan katanga na cire kallabi. A nan na tafka wautar da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Da a ce bakin jela na rage, ɗan tsawon gaɓar yatsa, in an tambaya sai in ce na umra ne, maganar ta mutu. Amma ni abu mai auki nake so in ba shi, kuma ina son wurin da ba za a gani ba. Sai na lalubo wani siririn kitso a ƙeya, na yanke shi tun daga tushe. A wayona na ɓoye ke nan. Ban tuna ba cewa ƙeya ita ce daidai wurin da tsofaffinmu suke cewa masu sammu suna yanka, kuma kan nan nawa Inna ta san shi fiye da yadda ta san turminta.

Na ƙulle shi a ƙyalle, na bi ta bakin fili, na ajiye a kan salkar da yake ɗinki kamar wadda abu ya suɓuce wa. Ya kwance ya duba. Fuskarsa ta sauya, don shi ma ɗan Hausawa ne, da irin tsoron da aka raine ni aka raine shi.

"Kin san abin da kika ba ni kuwa?"

Na ce, "Na sani."

"Inna ta sani?"

Na girgiza kai. Can sai ya yanko 'yar fata, ya ɗinke gashin a ciki kamar laya, ya ɗaura a damtse, ya ce, "Allah ya ba ni ikon riƙe amana." Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, amma bai wuce washegari ba. Raƙumin ƙarshe yana ɓacewa a bayan dutse na tuna saura kwana huɗu tsifa.

Kwana huɗun nan hannuna bai bar ƙeyata ba. Ina tafiya ina shafawa, ina wanki ina shafawa, wai ko gashin zai ji tausayina ya tsiro. Ranar tsifa na yi ta ja da baya, na ce kaina bai yi datti ba, Inna ta ce ko daga bakin ƙofa ana jin warinsa. Na tsefe, na wanke, na je na zauna gaban Ta-Wadai. Ta fara daga goshi kamar kullum, tana tsaga layi tana shafawa. Da ta iso ƙeya sai yatsanta ya faɗa gurbin ya tsaya. Ya tsaya kamar tsawon numfashi uku, ina jin ɗuminsa a fatata. Na jira tambaya, ba ta zo ba. Ta ƙara mai a wurin, ta taje gashin sama ya rufe shi, ta ce, "Ki ɗaura kallabi da kyau, 'yata, rana tana da zafi." Na tashi ban iya kallon ta ba.

Washegari na sa kai tsakanin gwiwoyin Inna. Ta kitsa gaba, ta kitsa gefe, tana hira da matan gida. Da ta danna kaina ƙasa don ta kama ƙeya, sai hirar ta yanke.

"Wa ya taɓa kanki?"

"Ba kowa, Inna."

"Ba kowa? Aljani ne ya zo da almakashi? Wannan ai yanka ne, ba zubewa ba ce."

Na ce, "Ban sani ba."

"Jiya hannun wa ya shiga kan nan?"

Ban amsa ba, kuma ba sai na amsa ba. Matan gida duk sun riga sun juya suna kallon ɗakin ƙarshe. Ba don ba ni da imani na yi shiru ba, tsoro ne ya ɗaure mini harshe. Na san in na ce ni na yanke na ba baduku, ba wanda zai yarda yarinya mai hankali ta yi haka da kanta. Za a ce shi ya roƙa, ko kuwa ya riga ya juya mini kai da asiri shi ya sa na ba shi. Baba zai janye maganarsa, a kore shi daga bakin fili, shi yana can kan hanya ba bakin kare kansa. Na ce a raina faɗa ne za a yi na yini ɗaya ya wuce.

Bai wuce ba. Baba ya dawo da azahar, ya sauke gwangwanayensa, aka ba shi labari da baki biyar lokaci ɗaya. Ya ce a fito da kayan Ta-Wadai. Mata suka shiga suka yi ta fitowa da su tsakar gida cikin rana, tabarma, kwalabe, kaskon turare, ƙullin itatuwa, tsofaffin zannuwa. Ita tana tsaye a gefe, hannuwa a harɗe. A ƙasan wani ƙunshin tsumma aka samu wata tsohuwar laya da gumi ya mayar baƙa ƙirin. Baba ya sa wuƙa ya farke, yana zaton takarda zai gani. Gashi ne a ciki, siririn kitso guda, baƙi, an ɗaure bakinsa da jan zare. Gidan ya ɗauki salati. Ni kaɗai na san ba nawa ba ne, don nawa yana can a damtsen mutum kan hanyar Madina.

Baba ya ce, "Baiwar Allah, wannan fa?"

Ta ce, "Nawa ne, Malam."

Wata daga cikin matan ta ce a dubi kanta, duk furfura, ina ita ina baƙin gashi. Ta ce da can ba haka yake ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Baba mutum ne mai gudun zalunci, sai ya nuna wajen Harami da hannu ya ce, "Za ki rantse da Ubangijin Ɗakin can ba ke kika yanke gashin 'yata ba?" Ta rantse, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ya ce, "Tayyib. Za ki rantse ba ki san wanda ya yanke ba?" Sai ta yi shiru. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ba harara ba, ba roƙo ba, irin kallon da ake yi wa mai shirin magana a ba shi fili. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Baba ya jira, ya sake jira, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Kafin Juma'a ki nemi wani wurin."

Inna ta karɓi gashin, ta tsinke jan zaren, ta warware kitson, ta wanke shi da zamzam, ta nufi katanga. A nan ne kawai na ji muryar Ta-Wadai ta karye. Ta ce, "Don Allah 'yar'uwa, ki bar mini shi." Inna ta ce, "Har yanzu ba ki ƙoshi ba?" Ta murza shi, ta tura cikin ramina da tsinke, can ciki, inda gashina yake taruwa tun ina yarinya.

Ranar Alhamis ta kwashe kayanta a ka, sawu biyu, ba wanda ya kama mata. Utaibiyya ta koma, wadda a lokacin bakin gari ce, duwatsu da awaki da 'yan bukkoki. Labari kuwa ya riga ta isa, matan da suke sayen turarenta suka rufe mata ƙofa. Ni kuma sai ciwon kai ya kama ni, na gaske, kamar ana sara mini ƙeya. Inna ta ce ga shi nan, aikin ya fara ci, Allah ya sa an gano da wuri. Aka yi ta ba ni rubutu, ana turara ni, mata suna shigowa yi mini sannu suna tsine wa baiwar Allah, ni ina kwance ina amsa sannun. Abinci ya ƙi shiga. In an ƙwala kiran sunana sai in zabura. A gidan Sitti na fasa finjalin shayi biyu a yini ɗaya. Nakan tsaya a Harami in yi ta addu'ar ayari ya dawo da wuri, kamar dawowarsa ce za ta buɗe mini baki. In na zo wucewa ta ɗakin ƙarshe, ƙamshin turarenta yana nan a jikin gwangwanin bai fita ba, sai in riƙe numfashi har in wuce. Sati uku na yi a haka.

Ranar kitso ta sake zagayowa. Inna ta danna kaina, ta shafa gurbin, ta ce cikin murna, "Alhamdulillahi, ya fara tsirowa. Allah ya isa tsakaninmu da matar nan, duniya da lahira." Wannan lahirar da ta ambata ita ta ƙarasa ni. Fuskata tana cikin zanenta, ba na ganin idonta, ƙila shi ya sa na iya. Na ce, "Inna, ni na yanke." Na faɗa mata duka, da almakashin, da battar Sitti, da salkar. Hannunta ya tsaya a kaina. Na runtse ido ina jiran duka, ban samu ba, kuma da dukan na samu da ya fi mini sauƙi. Ta kama gashin ta ƙarasa kitson da ta fara, a hankali, har jela. Sannan ta ce, "Kin bar ni na ja wa marainiyar Allah Allah ya isa a garin nan. Tashi ki tono mata kayanta."

Na durƙusa gaban katanga da tsinke na yi ta zaƙulowa. Abin da ya fito dunƙule ne kamar gammo, gashin shekara da shekaru ya cakuɗe da ƙura da yanar gizo. Na baza shi a kan zane ina neman nata. Duk baƙi ne, duk murɗaɗɗe, ba jan zare, ba kitso, zamzam ya wanke ƙamshin. Na ce, "Inna, ba na gane nata." Ta zo ta tsuguna, ita da ta san kaina sili-sili, ta juya ta sake juyawa, ita ma ta kasa. Ta miƙe ta daɗe tsaye tana kallon dunƙulen. Wannan mata da ba ta barin sili ɗaya ya kwana a tabarma, sai na ji ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Kai mata duka."

Da Baba muka tafi, cikin rana, yana gaba ina baya har muka isa. Ya tsaya a bakin bukkarta ya ba ta haƙuri, ya ce laifinsa ne, ɗakinta yana nan ba wanda ya shiga, ta dawo. Ta ce, "Na yafe, Malam. Amma na riga na kafa murhu a nan." Ni ta ce in shigo. Na ajiye ƙunshin a gabanta na kwance, ina kuka ina bayani. Ta sa yatsu tana bincikawa, ta ɗauki wani ta kai hanci, ta ajiye, ta ɗauki wani. Tana cikin haka take gaya mini cewa tun a Damagaram ta yanke shi, kafin a ɗaura musu aure, lokacin da mijin zai tafi fatauci. Ta ce, "A garinmu ma ba a yi. Ni ce dai na yi." Ya yi ta yawo da shi a wuya har Sawakin, ita ta cire shi da hannunta kafin a yi masa wanka. Duk abin da suka taso da shi daga gida hanya ta cinye, wannan kaɗai ya rage mata wanda jikinsa ya taɓa.

"Shi ya sa da yatsana ya faɗa gurbin nan na gane," in ji ta.

Na ce, "Iya, me ya hana ki faɗa musu?"

"Ba bakina ne ya kamata ya faɗa ba. Na dai zaci kwana ɗaya zai ishe ki."

Ba ta sami nata ba. Na ce ta riƙe duka. Ta dube ni ta ce, "Uwarki ta sani?" Na ce ita ta ce in kawo. Sai ta naɗe ƙunshin, ta ɗinke bakinsa, ta tura ƙarƙashin matashinta.

Baduku ya dawo lafiya, ya rame ya yi baƙi. Baba ya kira shi, ya karɓe layar, ya ɗaga maganar shekara guda cur don mu ji a jikinmu. Bayan nan aka ɗaura, muka zauna har Allah ya karɓi abinsa ina da jikoki. Ta-Wadai ba ta sake kwana a Jarwal ba. Inna da kanta ta bi gidajen da suka rufe mata ƙofa tana wanke ta, wasu suka buɗe, wasu suka ce su dai sun ji abin da suka ji. Ni kuwa duk ranar tsifa nakan hau zuwa Utaibiyya ta shafa mini mai, ko bayan na yi aure. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, amma duk sanda yatsanta ya iso ƙeya sai na ji kunya ta rufe ni. Gashina kaf yana ƙarƙashin kan matar da aka ce ta sace shi, kuma tun ranar da na kai mata ban sake ciwon kai irin wancan ba.

Ina jegon ɗana na uku ta rasu, ban samu hawa ba sai bayan arba'in. Na tarar an share bukkar, wasu sun shiga. Na tambayi maƙwabciyarta ko sun ga wani ƙunshin tsumma ɗinkakke a ƙarƙashin matashi. Ta rage murya ta ce, "Mai gashin nan? Ke ma kin san da shi? Wallahi da muka farke muka gani jikinmu ya mutu, ashe abin da ake faɗa a kanta gaskiya ne. Mun kai shi juji." Na tsaya a wurin na ba ta labarin tun daga almakashi, da jariri a bayana, ta saurara ta ce Allah sarki, amma na ga a idonta ba duka ta yarda ba.

Katangar Jarwal ta daɗe da tafiya, motocin rusau sun kwashe ta da ramukanta. Ɗan furfurar da ta rage mini har yau ina tattara ta in na taje, sai dai bangon gidan nan sumul yake da fenti, ko allura ba ta samun wurin shiga. A ƙyalle nake ƙullewa, yana nan ƙarƙashin matashina ya fara nauyi. Ba na so ranar da za a share ɗakin nan wata ta farke shi ta rage murya. Na yanke shawara in jikata ta sake shigowa zan zaunar da ita, in karɓe wayar, in ba ta labarin Ta-Wadai da Hausa ko da rabi za ta gane, sannan in miƙa mata ƙullin a hannu. Tsorona ɗaya ne, kada ta yi dariya.